Ɗan dabon da dabonsa ba ya ci: me ya sa yara ba su yi dariya ba?

Mushe_Zango:
Assalamu alaikum jama'a. Ina koyarwa a wata lakwal a nan Zinder, kuma bana ni aka ɗora wa shirya wasan ƙarshen shekara. Akwai wani yarona, uban surutu, da ya ga bidiyo a wayar yayansa: wani ƙaton Bature da jar dara yana dabo, duk abin da ya taɓa sai ya lalace, mutane na ta faɗuwa don dariya. Ya nace shi ma irinsa zai yi. Na sayo masa baƙar kwat ta gwanjo a Kasuwar Dole, muka yi doguwar hula da kwali, muka shafe ta da baƙin fenti. Zomon da zai ciro daga hular ya gagara, sai muka yi maneji da ɗan tsakon maƙwabciyata.

Ranar Laraba muka gwada a gaban ƙananan aji. Ya kaɗa sanda, ya zura hannu cikin hula, ya lalubo bai sami komai ba, ga ɗan tsako na leƙowa daga aljihun kwat yana tsiyau-tsiyau. Ni kaɗai na yi dariya. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, bai iya ba, a ba wani." Yaron nan har idonsa ya kawo ruwa. Saura sati uku. Ina muka kuskure?

Tsohon_ɗan_Samariya:
Wa alaikumus salam Mushe. Mai jar darar nan Tommy Cooper ne, ɗan Birtaniya. A kan dandamali ya faɗi ya mutu a Landan a 1984, ana nuna shi kai tsaye a talabijin, ƴan kallo na ta dariya sun zaci cikin wasan ne. Ka ga irin yadda ya saba musu da lalacewar abu.

Amma su da ke masa dariya sun tashi suna ganin dabo na gaskiyar. Baƙar kwat ɗin ma tana da asali, Robert-Houdin na Faransa ne ya shahara da yin dabo cikin kayan manyan mutane, shi ne wanda gwamnatinsu ta tura Aljeriya a 1856 don ya nuna wa mutanen can wai dabon Faransa ya fi na shehunansu. Yanka mace da zarto cikin akwati tun 1921 ake yinsa a Landan. To mutumin da ya ga an ciro zomo daga hula sau hamsin, ranar da aka ciro takalmi dole ya dara. Yaranka ina suka taɓa ganin zomo a hula?

Dubi ƴan kama. Da sun rataya ƙaton carbi sun fara karatu cikin muryar malamai, amma tuwo da miya suke ta ambato, kowa sai ya kama ciki, don babu wanda bai zauna gaban malami ba. Haka wasan kara namu na Damagaram: bindigar kara, tabarau na kara, wani ya ɗauki tafiyar gwamna. Sai an san mai tafiyar take ba da dariya.

Cire masa kwat ɗin nan. Mai da shi ɗan dabon kasuwa, mai jaka cike da layu, mai yaro da ganga, wanda zai kwashe rabin awa yana kirari yana cewa a matsa baya kada abin ya taɓa mai ƙarar kwana, ya yi alkawarin mai da takarda kuɗi, a ƙarshe ya ɓuge da tallan maganin basir.

Maman_Iro:
Baba ya gama magana, sai dai Mushe ka yi hattara da layun nan. Iyaye za su zo, kuma a cikinsu ba a rasa wanda zai tashi ya ce ana koya wa yara sihiri a lakwal. Ni da a ce duk dabarar a fili take, kowa na ganin zaren, kowa na ganin aljihun, shi kaɗai ɗan dabon ke zaton ya rufe wa mutane ido. Akwai wasu ƴan Amurka biyu, Penn da Teller, da suke yin dabon kofi da ƙwallo da kofunan da ake hango cikinsu. Kana kallon yadda ake yi, amma saurin hannun ya sa ka kasa bi.

Ɗan_fada_Birni:
Ni gaskiya yarinyar da ta ce bai iya ba ita ta fi ku duka gano matsalar. Cooper fa gwani ne, ɗan ƙungiyar masu dabo ta Magic Circle ne, yana sane yake ɓata abu, kuma jefi-jefi sai ɗaya ya ci, shi kansa ya yi kamar ya firgita. In yaro na rawar hannu tausayi zai ba mutane.

Koya masa guda ɗaya mai kyau. A ɗinke ƙwandalar dala ashirin a gefen hankici. Ya ari wata dala ashirin wurin direkta, ya yi kamar ya sa ta ƙarƙashin hankicin alhali tana tafin hannunsa, ya ba wani yaro ya riƙe wadda aka ɗinke ta cikin ƙyallen. Da ya fizge hankicin, kuɗi sun ɓace. Bayan dabo huɗu sun watse, wannan ya ci, sai ya tsaya yana zare ido, ya duƙa yana neman kuɗin direkta ƙarƙashin tebur da gaske.

Mushe_Zango:
Allah ya saka da alheri, Baba, ka tuna mini da wani mai maganin basir da muke gudu daga lakwal mu je kallo. Layu kam na fasa, Maman Iro, jakar za mu cika ta da tsofaffin cokula da marfin tukunya. Yarinyar nan kuma na ba ta aiki: za ta zauna a layin gaba, duk dabon da ya watse ta miƙe ta ce "bai iya ba". Hankici yana wurin tela. Ɗan tsako na mayar wa mai shi, ta ce tun ranar Laraba ba ya cin tsaki sosai.