Eriyar oba-oba a Hilux: bamba ko saman rufi?

Direban ƙungiya, Guri:
Assalamu alaikum. Ni nake jan Hilux ɗin ƙungiyarmu ta manoman shinkafa. Da mun nutsa fadama wajen Kirikasamma sabis ɗin waya ɗaukewa yake, shi ya sa muka sayi rediyon oba-oba na mota, VHF. Wanda ya haɗa mana a bambar gaba ya ɗaure eriyar. In na fuskanci gari ana ji na ras, da na ba shi baya sai shuuu. An ce in mayar da ita saman rufi, to huda rufin nake tsoro, motar ba tawa ba ce.

Mai gyaran rediyo, Hadejia:
Wa alaikumus salam. Malam, ai ɓoye ta aka yi. VHF kamar ido yake, abin da ya kare gani yakan kare shi, ga kan mota gaba ɗaya ya tsaya tsakaninta da gari. Sannan irin wannan eriya rabin aiki take yi, ƙarfen da ke ƙarƙashinta shi ne ɗaya rabin. A zangon rediyo na wajajen 150 MHz tsawonta kusan santimita 50 ne, kuma tana son shimfiɗaɗɗen ƙarfe kamar haka ta kowane gefe. Ina za ka samu wannan in ba tsakiyar rufi ba? In huji ne ba ka so, akwai mai gindin mayen ƙarfe. Sai dai kada ka bari ƙofa ta riƙa matse wayarta. Bayan an kafa a auna SWR, wato awon da ke nuna ko eriyar ta dace da rediyon, ya zama ƙasa da 2.

Ɗan Birniwa:
Mayen ƙarfen nan ni ya ishe ni. Yashi yana shiga ƙarƙashinsa ya cinye fenti, rannan kuma reshen darbejiya ya fizge min shi, na yi ta jan eriya a ƙasa ban sani ba. A huda kawai, a sa roba saboda damina, a nemi mai sifirin a gindi wadda za ta lanƙwashe ta dawo.

Direban ƙungiya, Guri:
Allah ya saka da alheri. Lodinmu duk a bodi yake, rufin ba abin da ke hawansa. Zan fara gwada na mayen ƙarfen, in Alhaji shugaba ya ji bambancin da kunnensa sai in kawo masa zancen huji. Maigida, kana da na'urar awon a shago? Ranar Lahadi zan shigo Hadejia.