"Jeren allo": kalmar da nake ba da shawara a madadin HUD Layout

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kusan mako biyu ke nan ina rubuta ɗan jagora da Hausa domin ƙannenmu da suka fara buga wasan kwamfuta mai suna Final Fantasy XIV, kuma na cije a wuri guda, wato sunan sashen nan da wasan ya kira HUD Layout. A baki mukan ce "na gyara HUD ɗina" mu wuce, amma a rubuce abin ba ya zama, domin wanda bai taɓa buɗe wasan ba ba zai san abin da aka gyara ba. Shawarata ita ce mu kira shi jeren allo, kuma ina roƙon ku bi ni a hankali kafin ku yanke hukunci.

Bari in fara da abin da kansa, domin ba a raɗa wa yaro suna kafin a gan shi. Wasan na kamfanin Square Enix ne na ƙasar Japan, wanda ya sake fitar da shi a 2013 bayan fitowar farko ta 2010 ba ta karɓu ba. Idan mutum ya shiga, zai ga duniyar wasan a tsakiya, sannan a samanta an ɗora abubuwa da yawa: ma'aunin ransa, taswira ƙarama, sunayen abokan tafiyarsa da ma'aunin ran kowannensu, akwatin hira, bayanin dodon da yake yaƙa, da layukan maɓallan dabarunsa. Layukan nan guda 10 ne, kowanne da gurbi 12, kuma ana iya miƙe layi ɗaya a kwance, ko a tsaye, ko a naɗe shi ya zama sahu uku na gurabe hurhuɗu. A sashen da muke magana a kai ne ake jan kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa a ajiye shi inda ake so, a ƙara masa girma har kashi 200 cikin ɗari ko a rage shi zuwa kashi 60, ko a ɓoye shi gaba ɗaya, sannan a adana aikin a ɗaya daga cikin ma'ajiyai huɗu da wasan ya tanada.

Haruffan HUD kuwa, wato Head-Up Display, daga jiragen yaƙi aka aro su. Gilashi ne da ake haska bayanai a kansa a gaban matuƙi, saboda ya ga gudun jirgi da nisansa daga ƙasa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Wani ɗan'uwa ya ce mu bi wannan asali mu ce "allon da ba a sunkuyo". Na yaba da tunanin, amma kalmar ta yi tsawo, kuma tana ba da tarihin jirgi ne alhali mai wasa ba ya cikin jirgi.

Kalmar da ta fi saurin zuwa baki ita ce shimfiɗa, kuma na san masu fassarar manhajoji suna yawan kama ta. Ban gamsu da ita ba. Bahaushe yana shimfiɗa tabarma, yana shimfiɗa darduma, malami yana yin shimfiɗa kafin ya shiga karatu, kuma a duk waɗannan abu guda ne ake bazawa ya rufe wuri. Abin da muke yi a wasan kuwa ɗaukar kaya ne ɗaya bayan ɗaya ana sama wa kowanne mazauni. Tsari ma ba ƙarya ba ne, sai dai ya yi faɗi ƙwarai: akwai tsarin mulki, tsarin karatu, tsarin biyan kuɗi, kuma a cikin wasan kansa za mu buƙaci kalmar a wurare goma. Fasali na wanda ya ƙera abu ne. Kwalliya kuwa ita ce na fi ƙi, domin tana sa sabon ɗan wasa ya ɗauka ado ne kawai wanda za a iya bari sai an samu sarari.

Na san ba ado ba ne saboda abin da ya same ni lokacin da na fara buga mai warkarwa, wato mai mayar wa abokan tafiya ransu idan ya yi ƙasa, a tawagar mutum takwas. Kwamfutata ƙarama ce, sunayen abokan tafiya suna can gefen hagu, maɓallaina suna can ƙasa, sandar da ke nuna harin da dodo yake haɗawa kuma tana can sama. Idona yana kai da kawowa tsakanin kusurwa uku, ga shi kusan kowace daƙiƙa biyu da rabi sai na danna wata dabara. Ina duban ran wani da ya yi ƙasa, sai alama mai launin ruwan lemo da ke nuna inda hari zai sauka ta bayyana a ƙarƙashin ƙafata ban gani ba, na faɗi, kuma da na faɗi sauran suka biyo ni. Daren nan na zauna na jawo sunayen tawaga kusa da tsakiya, na raba sandar harin dodo da sauran bayanansa na ninka girmanta na ajiye ta dab da kan mutumin da nake wasa da shi, na ɗaga layi biyu na maɓallai sama kaɗan. Ban ƙara ko abu ɗaya a allon ba, kuma ban cire komai ba sai wani ƙaramin akwati da ba na amfani da shi.

Ina cikin wannan aikin ne kalmar ta faɗo mini, domin abin da nake yi shi ne abin da na ga gwaggwannina suna yi a ɗakin yayata kwana ɗaya kafin a kai ta. Kayan duk an riga an saya, ɗakin kuma ba zai ƙara faɗi ba. Aikinsu shi ne su san inda gado zai tsaya, inda kwabet za ta jingina, waɗanne kwanuka za su hau sama domin ba kullum ake taɓa su ba, waɗanne za su zauna inda hannu zai kai ba tare da an tashi ba. Wannan shi ne jere, kuma duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san shi ba sai an yi masa bayani ba. Abin da ya ƙara ɗaure ni da kalmar shi ne abin da ke biyo baya: bayan 'yan biki sun watse, amarya takan zauna ta lura da inda haske yake shigowa da inda take yawan tuntuɓe, sai ta sake jere daidai da zamanta. Kamfani shi ne ya yi jeren farko, mai wasa kuma shi ne mai ɗakin.

Idan muka karɓi wannan, sauran kalmomin suna zuwa da kansu. Abubuwan da ake ja a ajiye su ne kayan allo, kamar yadda muke cewa kayan ɗaki. Wanda wasan ya zo da shi jeren asali ne. Mutum yana sake jere, yana adana jere, yana komawa jeren asali idan ya ɓata. Ma'ajiyai huɗun nan su zama jere na ɗaya zuwa na huɗu, har mutum ya ce jerensa na ɗaya na yaƙi ne, na biyu na sana'a, ranar da zai yi saƙa ko ƙira a cikin wasan. Layin maɓallai kuma ina kiransa kanta, domin a kanta ake jera abin da ake son ɗauka da sauri.

Akwai gyara biyu da aka yi mini, kuma dukansu suna da nauyi. Wata yayarmu malamar Hausa ta ja hankalina cewa kada a rubuta jerin allo, domin jeri layi ne na abubuwa ɗaya bayan ɗaya, kamar jerin sunaye ko jerin gwano, jere kuwa shi ne aikin ɗaki. Gaskiyarta, kuma saboda haka na tsaya a kan jeren da wasalin e. Gyara na biyu daga wani malami ne da ya ce shi idan ya ji jeren allo, allunan makaranta yake gani an jingina su a bangon zaure, don haka ya fi son jeren fuska. Malam, na daɗe ina juya wannan magana. Abin da ya hana ni bin ka shi ne cewa a irin waɗannan wasanni akwai wurin da ake ƙera fuskar mutumin da za a buga da shi, a zaɓa masa ido da hanci da gashi, kuma jeren fuska zai kai sabon shiga can kai tsaye. Allo kuwa ya daɗe da fita daga zaure ya shiga aji, ya hau titi a matsayin allon talla, kuma muna cewa allon kwamfuta ba wanda yake ruɗewa.

Na gwada kalmar a wani wasan domin in ga ko za ta tsaya. World of Warcraft na kamfanin Blizzard ya fito a 2004, kuma shekaru da yawa mai son sauya wurin kayan allonsa sosai sai ya ɗora ƙananan manhajojin da wasu 'yan wasa suka rubuta da harshen Lua. A 2022, tare da sabon ƙarin wasan mai suna Dragonflight, kamfanin ya saka abin a cikin wasan da sunan Edit Mode, har da damar fitar da aikin a matsayin dogon rubutu da za a tura wa aboki ya liƙa a nasa. Sunan Turancin ya bambanta da na wasan farko, amma da Hausa jimla ɗaya ta ishe su duka: "Turo mini jerenka in gwada." Na aika wa ƙanena wannan jimlar ba tare da wani bayani ba, bai tambaye ni me nake nufi ba, sai ga rubutun ya shigo.

A jagoran zan rubuta sunan Turancin sau ɗaya a farkon babin, saboda mai karatu ya gane maɓallin da zai danna, daga nan har ƙarshe jeren allo zan yi ta cewa. Babin zai fita ranar Asabar in Allah ya yarda, kuma duk mai gyara a kan kanta ko kayan allo ya kawo shi kafin Juma'a.