Ranar da kuka fara kallon Dobaara, yaya kuka ji?

Abban Khalifa, Fagge:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina so kowa ya faɗo yadda ya ji da kashi na biyu na fim ɗin Indiyan nan Once Upon a Time in Mumbaai, wato Dobaara na 2013. Ni na farkon, na 2010, ya shiga raina sosai. Ajay Devgn ne Sultan Mirza, ɗan fasa-ƙwauri mai tausayin talaka, Emraan Hashmi kuma Shoaib, yaron da ya ɗauko ya jawo jiki, ƙarshe yaron ya harbe shi a gaban jama'a lokacin da Sultan ɗin ya shiga siyasa. Abin da nake jira shi ne in ga yadda wannan maci amanar zai riƙe Bombay. Sai na tarar an ba Akshay Kumar matsayin, kuma kusan duk fim ɗin yarinya yake bi. Wallahi raina ya ɓaci.

Mai Gidan Kallo, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Yallaɓai, ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Daren da na fara sa shi benci ya cika, har da na tsaye, duk saboda farin jinin na farko. Ba a yi nisa ba matasa suka fara tambayata ina Shoaib. Na nuna musu mai baƙin tabarau da sigari, suka ce sam, wannan ba shi ba ne. Emraan ya fito da yunwa a idonsa, kana ganinsa ka san zai ci amana. Akshay kuwa ya fito a ƙoshe, magana kawai yake jerawa. Kafin a kai tsakiya wasu sun fara zamewa, washegari suka ce in mayar musu da na Sultan Mirza. Abin mamakin, darakta ɗaya ne, Milan Luthria, mai rubutun ma ɗaya ne, Rajat Arora.

Ɗalibi a Pune:
Ni a silima na kalla, lokacin ina karatu a can. An sake shi ran 15 ga Agusta, ranar 'yancin kan Indiya, kwana shida bayan Chennai Express na Shah Rukh Khan. Da farko da Ƙaramar Sallah aka so sakin sa, sai aka ɗaga don kada su yi karo, amma ɗagawar ba ta cece shi ba. Layin masu sayen tikiti yana wajen Chennai Express, ɗakin da muke kuwa kujeru da yawa babu kowa. Abokaina Indiyawa sun fi jin haushin Imran Khan da ya fito a Aslam, yaron Shoaib. Cewa suke fuskarsa ta ɗan gata ce, ba ta yaron da ya tashi a lungu ba. An ɗan yi tafi a waƙar Tayyab Ali, ita ma aro ce daga Amar Akbar Anthony na 1977.

Maman Hafsat, Maraɗi:
Ku yi haƙuri yayyena, ni fa ya yi min. Ban ga na farko ba sai daga baya, don haka ban shiga da wani tsammani ba. Sonakshi Sinha na bi, wadda ta fito a Jasmine. Wurin da Shoaib ya nemi Jasmine ta ce masa a'a, shi da duk gari ke rawar jiki in an ambaci sunansa, sai da na miƙe zaune. Ni da ƙannena mun maimaita wurin nan har faifan ya fara sarƙewa.

Mai Gidan Kallo, Tudun Wada:
Hajiya, kin yi gaskiya, wurin nan ya yi kyau. Amma sunan fim ɗin 'yan daba aka sa masa, masu biyan kuɗin shiga kuma rikicin daba suka zo gani. Ko Rawal, abokin gabar da ya sa Shoaib ya dawo Bombay, an bar shi a gefe kamar an manta da shi.

Abban Khalifa, Fagge:
Maman Hafsat, to da kika kalli na farkon daga baya, wane Shoaib ɗin ya fi zauna miki? Wanda kuma ya kalli fassarar Hausa ya gaya mana ko kalaman Akshay sun fi daɗin ji a can, don ni da rubutun Turanci a ƙasa na kalla.