Neman kalma: me za mu riƙa kiran "motherboard" da Hausa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Masu gyara a titin Beirut da kasuwar Farm Centre a Kano "bod" kawai suke cewa, wasu su ce "modabod". Wani ɗan'uwa daga Maraɗi ya shaida mini can sunan Faransanci suke ara, "kart mer". A bakin shago duk wannan ya wadatar. Amma mai rubuta darasi don yaron da bai taɓa buɗe kwamfuta ba yana bukatar sunan da zai nuna masa aikin abin tun daga jin sa.

Abin da muke magana a kai shi ne faffaɗan allon nan da ke kwance cikin akwatin kwamfutar tebur. A kansa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ke zama, a jikinsa ake soka ram (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) da katin hoto (mai sarrafa hoton da ke fitowa a fuskar kwamfuta), wayoyin wuta da na ma'ajiya duk gare shi suke komawa.

An kawo "allon uwa". Ban yarda da shi ba, don a kunnen Bahaushe allon uwa allo ne mallakin wata uwa. An kawo "babban allo", kuma yana da madogara, tunda Sinawa da Jamusawa haka suke kiransa. Matsalar ita ce mun riga mun ba fuskar kwamfuta da ta waya sunan allo, wanda ya ji "babban allo" zai zaci majigi ake nufi. "Uwar kwamfuta" kuwa ta yi faɗi, wasu akwatin gaba ɗaya suke kira haka.

Ni "uwar allo" na zaɓa. Haka Hausa take gina irin wannan suna: uwar kuɗi, uwar ɗaki, uwar garke, har uwar maƙera da ake dukan ƙarfe a kanta. Uwa ce ke zuwa gaba, ma'anarta tushen da saura suka rataya a kai. Larabawa ma "allauhatul umm" suke cewa, kuma daga wannan "lauh" ɗin muka samo allonmu tun asali. Ƙananan katunan da ake sokawa a jikinta sai su zama 'yan alluna, ba sai an yi dogon bayani ba.

To bari mu sa ta aiki, mu ji ko za ta zauna a baki.

Kada ka sayi uwar allo kafin ka san furosesar da za ka ɗora mata, domin kowace da mazauninta. Wannan mazaunin shi ake kira soket, kuma kamfanonin furosesa, AMD da Intel, kowa da irin nasa. Uwar allo ta AMD mai soket AM4, wadda ta fito a 2016, ba za ta karɓi furosesar AM5 ta 2022 ba, balle ta Intel mai LGA1700. Ram ma iri-iri ne, akwai DDR4 akwai DDR5: AM5 sai DDR5, ita kuwa LGA1700 akwai mai ɗaukar DDR4 akwai mai DDR5, kuma tsagar da ke ƙasan kowane irin ram ba wuri ɗaya take ba, ko ka danna da ƙarfi ba zai shiga ba. Sai girman uwar allo, kowane girma da sunansa. ATX, wadda Intel ta fito da ita a 1995, milimita 305 ce da 244. MicroATX 244 da 244, Mini-ITX kuma 170 da 170. Ƙarama tana shiga babban akwati, babba ba ta shiga ƙarami.

Wajen ɗaurawa nake so a natsu sosai. Ka fara taɓa ƙarfen akwatin don lantarkin jikinka ya sauka, musamman da hunturu lokacin da iska ta bushe. Ɗora uwar allon a kan kwalinta, ka ɗaga hannun soket, ka daidaita 'yar alamar kusurwa uku ta furosesa da ta mazaunin, ka ajiye ta a hankali ba dannawa. Cikin soket ɗin LGA, irin su LGA1700, akwai 'yan siraran allurai fiye da dubu ɗaya, ɗaya ta lanƙwashe tana iya hana kwamfutar tashi. Sannan duba 'yan ƙafafun tagullar da ke cikin akwati: kowace ta dace da ramin noti. Wadda ta saura a inda babu rami cire ta, don tana iya taɓa bayan uwar allon ta haɗa wuta. Daga nan sai babbar wayar wuta mai baki 24 da ta furosesa mai baki 8, wadda sababbin hannu suka fi mantawa da ita.

Ni dai ban ji harshena ya yi tuntuɓe ba. Inda nake neman ra'ayinku shi ne jam'i: "uwayen allo" za mu ce ko "uwayen alluna"? Na fi karkata ga na farko, kamar yadda muke cewa uwayen gida. Malaman Hausa da ke cikinmu, da masu gyara da ke taɓa abin kullum, ku faɗa mana wanda ya fi daɗin faɗa.