Maiƙon abinci yana taɓa jijiya tun ranar da aka ci shi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ana cewa wanda ya ci abinci mai maiƙo sosai, irin soyayyen naman Sallah, ruwan jininsa kan yi fari-fari a kwalbar gwaji. Wannan maiƙon yana yi wa jijiyoyin jini illa nan take ne, ko sai ya taru shekara da shekaru?

Amsa ta 1: Wa'alaikumus salam. Farin nan ƙwayoyin kailomaikiron ne. Hanji ke ƙunshe maiƙo a cikinsu, su bi hanyar limf (ruwan jiki mai tafiya a nasa hanyoyin dabam da na jini), su zuba cikin jini kusa da ƙashin wuya na hagu. Ga mai lafiya, tirigilisarid, wato maiƙon da ke yawo cikin jini, kan kai ƙololuwa awa 3 zuwa 5 bayan cin abinci, ya sauka cikin awa 6 zuwa 8. Manyan ƙwayoyin ba sa iya ratsa shimfiɗar cikin jijiya, girmansu ya hana. Ragowarsu ce matsalar. Sinadarin LPL da ke manne a shimfiɗar yana zuƙe tirigilisarid, ƙwayar ta motse, kolestirol ya saura a ciki. In ta ƙanƙance zuwa wajen nanomita 70 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita) sai ta kutsa ƙarƙashin shimfiɗar ta maƙale, ƙwayoyin garkuwar jiki su haɗiye ta. Daga nan daskararren kitse ke somawa. Masanin kimiyya Donald Zilversmit ya ja hankali kan wannan tun 1979.

Amsa ta 2: Akwai kuma na nan take, malam. Shimfiɗar ce ke sakin iskar naitirik oksaid mai sa jijiya ta buɗe, yawan maiƙo kuwa yana rage ta. A binciken Robert Vogel na 1997 a Amurka, abinci ɗaya mai maiƙo giram 50 ya rage buɗewar jijiyar hannu da kusan rabi cikin awa 4. Takan dawo daidai. Amma mai cin suya safe, rana da dare bai ba ta sararin dawowa ba.

Amsa ta 3: Mai ciwon suga da mai teɓa su fi kula, don ragowar tana daɗewa a jininsu kafin hanta ta kwashe. Gwajin da aka yi bayan awa 8 zuwa 12 ba ci yana iya ɓoye wannan, shi ya sa na bayan ci ke da amfani. Iyakar tirigilisarid a gwajin farko mg/dL 150 (miligiram a kowace desilita ta jini), a na biyu 175. In ya haura 500 a ga likita ba jinkiri, saboda haɗarin kumburin fankiriyas, gaɓar ciki mai samar da insulin. Tafiyar sassarfa ta kamar awa ɗaya da yamma tana rage hawan maiƙon washegari, lemon kwalba da giya kuma suna ƙara shi.