Neman shawara kan sayen mitar haske ta hannu don aikin filash a situdiyo

Mai tambaya, daga Agege:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sana'ar hoto. Ina da ƙaramin situdiyo inda nake ɗaukar hoton amare da na kayan 'yan kasuwa da fitilun filash biyu na Godox. Har yanzu da ido nake auna haske, wato in ɗauka, in duba bayan kyamara, in rage ko in ƙara, amarya kuwa tana zaune da ɗaurin gwaggwaro da kwalliya, gumi yana tsattsafo mata a goshi tana jirana. Abin yana damuna ƙwarai, shi ya sa na ƙudurta sayen mitar haske, sai dai ƙarfina bai kai na sabuwa ba. Wani mai shago a Ikeja ya nuna mini guda uku na hannu: Sekonic L-398, da Sekonic L-308S, da Minolta Auto Meter IV F. Ta farkon ce mafi arha, kuma ba ta cin batir. Wacce za ku ba ni shawara in ɗauka?

Amsa daga wani dattijon mai hoto, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ka cire L-398 daga lissafi tun yanzu, kada arharta ta ja ka. Mita ce mai kyau, amma hasken da yake tsaye take aunawa, kamar na rana ko na ƙwan lantarki, shi kuwa filash walƙiya ce da take wucewa kafin allurarta ta motsa. Sauran biyun duk suna auna filash, ko da wayar da ke haɗa mitar da fitila ko babu ita, kuma kowacce batir ɗaya na AA take ci, wanda ko a bakin titi za ka samu. Na daɗe ina aiki da Minolta, ban taɓa kuka da ita ba, amma kamfanin ya bar harkar kyamara tun 2006, don haka idan wani abu ya karye a jikinta, samun madadinsa sai an sha wuya. Da ni ne kai, Sekonic L-308S zan ɗauka.

Amsa daga wata mai ɗaukar hoton biki, Obalende:
Malam, maganar Baba gaskiya ce, amma ni abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne kada ka biya ko kwabo sai ka gwada da fitilarka. Ka je da filash ɗaya da tirigarsa (na'urar da ke kunna shi daga nesa), ka mayar da shi kan saitin hannu, domin a saitin TTL, inda kyamara ke zaɓar ƙarfin haske da kanta, yana fara sakin wata ƙaramar walƙiya ta gwaji wadda take yaudarar mitar. Ka sa wa mitar ISO (ma'aunin yadda kyamara ke karɓar haske) 100 da gudun shata 1/125 na daƙiƙa, ka tsaya kamar taku uku daga fitilar, farin ƙoƙon mitar da ke karɓar haske yana fuskantar ta, sannan ka kunna sau biyar a jere. Ya kamata lambar ta tsaya wuri ɗaya, ko ta ɗan motsa kaɗan ƙwarai. Bayan haka ka rage ƙarfin filash daga 1/2 zuwa 1/4. Idan da f/11 (lambar buɗewar idon kyamara) ta nuna, yanzu kusan f/8 za ta nuna. Daga nan ka sa lambar a kyamararka ka ɗauki fuskar mai shagon, ka ga ko fatar ta fito daidai. Na taɓa sayen wata ba tare da wannan gwajin ba, ashe karatunta yana tsalle, kuma ban gane ba sai a ranar kamun wata amarya.

Amsa daga wani mai gyaran kyamara, Mile 12:
Ka buɗe gidan batir ka haska da tocilan, saboda danshin Legas da batirin da aka manta a ciki suna barin koren tsatsa a kan ƙarfen. Ka duba farin ƙoƙon kada ya tsage ko ya koma rawaya, kuma ka tabbata kowace lamba tana fitowa cikakkiya a fuskar mitar.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri. Na kira mai shagon, ya yarda in zo da fitilata ranar Asabar in gwada L-308S ɗin a gabansa.