Me za mu kira lokacin da ake rufe gem don a yi masa aiki?

1/ Jama'a, kalma nake nema. Duk mai buga gem ɗin ƙwallon ƙafa na eFootball ya san safiyar Alhamis: ka buɗe gem ya ƙi shiga, sai sanarwa ta tare ka cewa ana maintenance. Yaranmu har sun lanƙwasa ta, suna cewa "ana mentenans". Abokiyar tafiyarta ita ce downtime, wato tsawon lokacin da wasan zai yi a rufe. Ina so mu tsayar da abin da za mu riƙa rubutawa, domin fassarorin da ke yawo a tsakanin 'yan gem da yawansu ɓatar da mai karatu suke yi.

2/ Mu fara da abin da ake yi a bayan ƙofa. Gem ɗin intanet gida biyu ne: rabi a wayarka, rabi a manyan kwamfutocin kamfani da ake ce wa saba. Kuɗinka na cikin wasa, 'yan ƙwallon da ka saya, matakin da ka taka, duk a can suke cikin rumbun bayanai. In za a sauya tsarin rumbun nan, ba a yi mutane na tsakiyar ciniki, don wani zai biya kuɗi kayansa su salwanta, wani kuma kayan su zo masa sau biyu. Sannan wayar da ke ɗauke da tsohon zubin wasa ba ta jin yaren saba mai sabon zubi. Shi ya sa ake fitar da kowa. Ana sanarwa tun da wuri, a hana fara sabon wasa (gem ɗin Fortnite kan rufe wannan ƙofar kamar minti 30 kafin lokaci), a sallami waɗanda suka rage, a ajiye kwafin rumbun saboda tsaro, a ɗora sabon aiki, ma'aikata su shiga su kaɗai su gwada, kana a buɗe. Da an buɗe kuma sai turereniya, kowa na son shiga a lokaci guda, har a kafa layi.

3/ Ke nan kalmar da muke nema dole ta nuna cewa da gangan aka rufe, an sanar, kuma akwai ranar dawowa.

4/ Wani ƙanina ya ce mu ce "sabis", tunda direba kan ce ya kai mota sabis, lafiyarta ƙalau, juyen mai kawai za a yi. Ƙanina, ma'anar ta yi daidai, amma an riga mu. A bakin mai waya, sabis shi ne layukan nan da ke saman allo. Ka ce wa yaro "eFootball na sabis", sai ya ɗauka cewa kake wasan na tafiya. Ka ce "babu gem saboda sabis", sai ya hau zagin kamfanin layinsa, ya fita waje yana ɗaga waya sama. Kalmar da za ta sa mutum ya ɗora laifi inda babu laifi ba ta yi mana ba.

5/ "Tangarɗa" da "katsewa" su ne na fi gani, kuma su ne na fi ƙi a wannan gurbin. Kalmomi ne masu kyau, amma na wani abu ne daban. A ƙarshen Oktoban 2021 dandalin wasanni na Roblox ya mutu na awa 73, babu wanda ya shirya, injiniyoyinsu ma sai da suka sha wuya kafin su gano bakin zaren. Wannan tangarɗa ce. A Afrilun 2011 aka yi wa PlayStation Network, dandalin intanet na masu buga PlayStation, kutse, bayanan asusu kimanin miliyan 77 suka shiga hatsari, aka rufe shi kwana 23. Abin da masu ƙoƙarin shiga suka riƙa gani a allo kuwa shi ne wai ana maintenance. To ka ga a can ma kalmar takan zama mayafin rufe ɓarna. In za mu yi tamu, kada mu gaji wannan ruɗanin. Abin da ya faɗo wa kamfani ba shiri, tangarɗa. Abin da ya tsara da hannunsa, a ba shi sunansa daban.

6/ Malam, wanda ya kawo "kwaskwarima" da "garambawul", Allah ya ƙara basira, amma duka biyun aikin suke faɗa, ba rufewar ba. Kwaskwarima shafe-shafe ce ta sama, garambawul kuwa a kwance abu gaba ɗaya a sake ɗaurawa, kamar yadda jaridu ke cewa an yi wa majalisar ministoci. Mu riƙe su, za su yi mana amfani a gaba.

7/ Wadda ta fi burge ni ita ce ta wata Yaya da ta ce "yasa". Ranar yasar rijiya ba a jan ruwa, an sanar da unguwa tun jiya, rijiyar ba ta rushe ba, laka ce kawai ake kwashewa don ruwa ya dawo garau. Yaya, da a ce zaɓin nawa ne ni kaɗai, da na tsaya a nan. Matsalar ita ce yaron da ya tashi da famfo da ruwan leda. Ka rubuta "ana yasar saba", rabin masu karatu za su nemi fassarar fassara. Ga shi kuma a bakin 'yan birni "yashe" ta koma kwashe wa mutum kaya, har a ce an yashe masa asusu. Ka ce an yashe gem, sai hankalin mai kuɗi a ciki ya tashi.

8/ Abin da nake ba da shawara shi ne HUTUN GYARA.

An yi mini ƙorafi biyu. Na farko, wai gyara sai abin da ya lalace. Ba haka Hausa ta ce ba. Ana gyaran gida ana gobe Sallah, ana gyaran amarya, liman na gyaran murya, babu wanda ya lalace a cikinsu. Gyara na ɗaukar gyaran ɓarna, yana kuma ɗaukar ƙara kyau, kuma aikin da ake yi wa saba ya haɗa duka biyun.

Na biyu, wai ina hutu alhali injiniyoyi na can suna zufa? Ai hutun ba nasu ba ne, na 'yan wasa ne. Kuma abin da ya sa na zaɓi kalmar shi ne, hutu a Hausa ba ya zuwa ba zata. Hutun makaranta da ranar tafiya da ranar komawa. Hutun rabin lokaci alƙalin wasa ne ke busawa, kowa ya san za a dawo fili. Ba a ce wa ɗaukewar wuta hutu. Kalmar da kanta ta ɗauko niyya da wa'adi, ba sai an yi mata jela ba.

9/ Ga inda ta zauna daram. EVE Online, wasan yaƙin sararin samaniya na kamfanin CCP da ke Reykjavik, wanda ya fito a 2003, kullum yana rufewa da ƙarfe 11 na safe agogon GMT, wato 12 na rana a Kano da Maraɗi, 11 a Kumasi. A da awa guda cur yake ɗauka, yanzu 'yan mintuna ne. Ranar 27 ga Janairun 2014 yaƙi ya ɓarke a wani yanki na wasan mai suna B-R5RB, saboda wata ƙungiya ba ta biya kuɗin riƙe yankin ba. Dubban 'yan wasa suka kwashe kusan awa 21 suna gwabzawa, aka tarwatsa manyan jiragen da ake kira Titan guda 75, aka ƙiyasta asarar da kimanin dala 300,000. Me ya raba faɗan? Ƙarfe 11 ta buga washegari, saba ta rufe kamar yadda ta saba. Gwada faɗa da Hausa: "Hutun gyara ne ya raba su." Yanzu gwada "tangarɗa ce ta raba su", ka ji ƙarya ta shigo.

10/ Wa'adin ma ba da ka ake sa shi ba. Ana duba sa'ar da mutane suka fi ƙaranci, sai dai duniya ba ta barci lokaci guda. Ƙarfe 11 ɗin EVE dare ne a Ostireliya, daidai lokacin da mutum ya ci abinci ya zauna wasa, kuma 'yan can sun daɗe suna kuka da haka. Gem ɗin World of Warcraft, wanda ya fito a 2004, ya saba da yin nasa Talata a Amurka, Laraba a Turai. Hikimar tsakiyar mako a bayyane take: in sabon aiki ya zo da matsala, ma'aikata na ofis. Ba mai hankalin da zai taɓa saba ranar Juma'a da yamma ya tafi gida.

11/ Wani ya tambaya, to ramin Fortnite fa? Ranar 13 ga Oktoban 2019 Epic Games, kamfanin da ke da Fortnite, suka sa wani baƙin rami ya haɗiye duniyar wasan, mutane suka zauna suna kallon allo baƙi har 15 ga wata, sannan aka buɗe babi na biyu da sabuwar taswira. Ba su faɗi ranar dawowa ba, don su ja hankali. Duk da haka hutun gyara ne, domin su suka tsara shi, wa'adin na aljihunsu. A nan ne kalmar Malam ke shigowa: an tafi hutun gyara, an yi wa wasan garambawul.

12/ Ƙaramin gyaran da ake liƙawa cikin gaggawa kuwa, muna da "faci" tun zamanin keke, ba sai mun ƙirƙiro ba. Ba kowane faci ke buƙatar hutu ba. Gem ɗin Guild Wars 2 an gina shi ne ta yadda sabon zubi zai tashi tsohon na aiki, sai dai a ce maka ka fita ka sake shiga.

13/ Yadda za ta zauna a jimla:
"Za a tafi hutun gyara ranar Alhamis da asuba."
"An ƙara wa hutun gyara awa biyu."
"An dawo daga hutun gyara, a sabunta gem kafin a shiga."

14/ Saura guda ɗaya da wata Hajiya ta tayar. Gem ɗin Genshin Impact kan yi babban sabuntawa kusan duk mako shida, ya rufe na kimanin awa biyar daga ƙarfe 11 na dare agogon Najeriya da Nijar, sannan ya raba wa kowa kuɗin cikin wasa, 60 a kan kowace awa, 300 ke nan. Wasu na rubuta "diyya". Hajiya ta ce diyya ta yi nauyi, kalmar jini ce da kotu, ba wanda aka kashe wa kowa. Na bi bayanki, Hajiya. "Kyautar ban-haƙuri" za mu rubuta.